Harsashin da Ba Zai Tada Jaririya Ba

Ranar da likita ya ce an kusa sallamo mana jikarmu daga asibitin Madikeri, ni na shiga wanke zannuwa da share ɗaki. Mijina kuwa, Saje Mandanna, sai ya jawo akwatin ƙarfensa daga ƙarƙashin gado ya fito da libarbarsa. Ya shimfiɗa tsohuwar jarida a baranda, ya kawo mai da tsumma, ya zauna yana goge ta yana fito, fiton da shi kansa ba ya ji. Shekarun da ya yi a bayan igwa lokacin yana soja sun cinye masa kunnen hagu ƙurmus. Na dama kuma sai da 'yar na'ura, wadda nake kira ƙwaro saboda yawan tsuwarta.

Na ce, "Baban Bopayya, yaƙi aka yi shela ban ji ba?"

Bai ɗago ba. Na zagayo ta damansa na sake faɗa da ƙarfi.

Ya ce, "Jikata za ta shigo gida. Haka kawai za ta shigo shiru, kamar an sayo akuya a kasuwa?"

Na san inda ya dosa. A kwarinmu in an haihu, maigida zai tsaya a tsakar gida ya yi harbi ɗaya. In mutuwa aka yi, biyu ne a jere. Duk wanda ya ji, ajiye abin da ke hannunsa yake yi ya taho, ba a jiran aike, ba a kuma tsayawa tuna ko ana shiri da masu gidan. Da can 'ya mace farantin tagulla ake buga mata, bindiga ta namiji ce. Da na tuna masa haka sai ya harare ni ya ce yarinyar da ta yi makonni a cikin kwalba tana kokawa da mutuwa ta fi rabin sojojin da ya sani jarumta, don haka bindiga za a buga mata. A nan ban yi masa gardama ba, don ni ma ra'ayina ke nan.

Matsalar ita ce jaririyar bakwaini ce, 'yar mitsitsiya, in ka ɗauke ta sai ka riƙa duba zanin ko tana ciki. Uwarta Nilamma, matar ɗanmu Bopayya, ta sha ɓari kafin a samu wannan, ga mijinta, shi ma soja, yana can bakin iyakar arewa a cikin ƙanƙara, an hana shi hutu. Ba ta da uwa, ni ce uwarta. Da na je duba su ta riƙe hannuna ta ce, "Mama, don Allah ki yi wa Baba magana. Jiya cokali ya faɗi a ɗakin nan, yarinyar ta zabura ta yi kuka har ta shiɗe. Ni ba zan iya ba, Mama."

Na kawo masa saƙon yadda aka ba ni. Na ce in harbin ya zama dole, ya gangara fadamar shinkafa ya yi shi a can.

"Harbi a fadama na korar aladen daji ne," ya ce. "Kowa ya ji zai ce Mandanna yana faɗa da alade. Babana a kan dutsen tsakar gida ya tsaya ranar da aka haife ni."

Ya faɗi haka yana kallon tsallaken kwari, inda jan rufin gidan wansa, Yaya Somayya, yake leƙowa ta tsakanin bishiyoyin kofi. Ni da na yi shekara arba'in da ɗoriya ina dafa wa mutumin nan abinci, ba sai an yi min fassara ba. Jaririya dai ta samu harbinta, amma wanda ake so ya ji yana can ƙarƙashin wancan rufin.

Sun fi shekara goma ba sa magana. Mahaifiyarsu a gidan Yaya ta rasu da sassafe. Yaya ya ɗauki doguwar bindigar mahaifinsu ya yi harbi biyu, irin harbin da ke tada tsuntsayen ƙauye uku. Ni ranar ina Mysuru wajen ƙanwata. Mandanna yana can ƙarshen gona yana sassabe, ƙwaronsa yana gida a kan tebur. Duk kwari ya hallara, har baƙi masu aikin tsinkar masoro sun zo, shi bai iso ba sai da rana ta take, da adda a hannu, yana tambayar me ake taro. Yaya ya dube shi a gaban jama'a ya ce, "Bare sun ji, ɗanta bai ji ba." Mandanna ya ce, "Ka san kunnena. Ba ka da ƙafa ne, ko ba ka da wanda za ka aika?" Shi ke nan. Maganar ba ta fi haka ba, amma tsofaffin nan biyu suka ɗaure ta a ƙugu suka yi ta yawo da ita. Ni da Gangamma matar Yaya ba mu fasa zumuncinmu ba, mukan aika wa juna zuma da yaji, mu yi gulmar taurin kansu a waya. Su ma kowa yana da waya a aljihu, sai dai ita waya sai wani ya fara buɗe baki. Bindiga kuwa ba ta neman wannan, in Yaya ya ji harbi zai iya zuwa ya ce al'ada ce ta kawo shi, girman kowa bai faɗi ba.

Na tausaya masa ƙwarai, amma ban nuna ba, don Mandanna in ka ba shi fuska sai ya nemi ya zauna a kai. Na ce, "Ka yi harbinka. Amma na rantse da kakanninmu, in yarinyar nan ta farka, libarbar nan a rijiya za ta kwana."

Kwana biyu yana tunani. A na uku ya sa rigarsa ta fita ya ce, "Bollamma, shirya ki raka ni Virajpet. Ki taho min da kunnuwanki."

Shagon Alhaji Moidu ɗan ƙuƙut ne, tsakanin tela da mai sayar da takin zamani. Benci ɗaya suka zauna da Mandanna a firamare, har yau kuma ba su daina tsokanar juna ba. Yana hango mu ya ɗaga hannu.

"A'a, Saje! Yau da kwamanda aka fito? Uwargida, sannu da haƙuri. Har yanzu ba ki mayar da shi inda kika samo shi ba?"

Na ce, "Wa zai karɓa, Alhaji?"

Mandanna ya ajiye lasisinsa a kan kanta, ya buɗe libarbar ya nuna babu komai a ciki, sannan ya ce, "Harsashi nake so wanda ba zai tada jaririya daga barci ba."

"Mai balan-balan yana gaba, bayan masallaci. Ka hura ɗaya ka zauna a kai."

"Bar wasa, Moidu."

"Kuma a ji shi a tsallaken kwari," na ƙara, tunda na ga ba zai faɗa ba.

Mandanna ya juyo ya watsa min harara. Alhaji ya daina dariya. Yana wurin ranar waccan jana'izar, ya ji abin da aka ce. Ya shafa gemu, ya shiga ciki, muka ji yana ture kwalaye yana tari saboda ƙura. Da ya fito sai ya jera harsasai uku a tsaye a kan kanta.

Ya taɓa na farko. "Wannan shi ne abincin libarbarka na kullum, mai lamba talatin da biyu dogo, ka san shi." Ya taɓa na biyu. "Wannan ƙaninsa ne, talatin da biyu gajere. Uwa ɗaya uba ɗaya. Kaurinsu ɗaya, leɓen gindinsu ɗaya, sai dai shi kwansonsa gajere ne, albarushinsa kaɗan. Ramin da aka fafe a libarba don dogo, gajere zai kwanta a ciki lafiya lau, ai ƙani yakan kwana a gadon wansa. Amma bindigar da aka ƙera don gajere, ka ce za ka cusa mata dogo, ba zai shiga ba, in ma ya shiga kada ka yarda da shi."

Mandanna ya miƙa hannu ya ɗauki na ukun. "Wannan fa? Shi ma ai talatin da biyu na gani a kwalinsa, ga shi ɗan ƙarami."

Alhaji ya buge masa hannu kamar yaro ya taɓa tukunya. "Don in hana ka shi na fito da shi, na san idonka zai kai can. Suna ne kawai ya zo ɗaya. Wannan na fistol ne, mai tofar da kwanso da kanta. Dubi gindinsa, leɓen ɗan kaɗan ne. Wataƙila ya zauna a ramin, amma ba gidansu ba ne, kuma ya fi ƙarfin abin da tsohuwar bindigar nan take so. Ga shi da kaifin murya. Gajere ne amma masifaffe, ka dai san irinsu." Ya saci kallona.

Na ce, "Na ji ka, Alhaji. Ni kunnena garau yake."

Ya ce gajeren yanzu ba a cika samunsa ba. Wani tsohon likita ne yake sa a kawo masa don harbin gwangwani a bayan gida, da ya rasu sai kwali ɗaya ya rage ba mai tambaya. Muka zaga bayan shago inda yake da rami da buhunan yashi. Aka ba ni kujera a bakin ƙofa, aka ce ni ce alƙali.

Mandanna ya cire ƙwaronsa ya sa a aljihu, kamar yadda yake yi kullum kafin harbi, don kada ta tsinke masa ɗan abin da ya rage. Ya fara da dogon. Har cikin haƙorana na ji shi. Hankaki suka watse daga kan bishiyar mangwaro, keken ɗinkin tela ya tsaya cak, telan ya leƙo yana tambayar lafiya. Sai aka sa gajeren. Ya yi tas, kamar an fasa kwakwa a kan dutse. Keken tela da ya koma aiki bai ko yi jinkiri ba.

"Yaya?" Mandanna ya tambaye ni yana mayar da ƙwaro. "Ni ban ji komai ba."

"Kai da ma me kake ji? Wannan in an rufe ƙofofi zai yi."

Alhaji ya ce, "Kada dai ku ɗauka bebe ne. Babu harsashin da ba ya magana, uwargida. A nisanta yarinyar, a rufe taga."

Mandanna ya jujjuya kwanson a tafin hannunsa. Can ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Zai kai tsallake?"

"Sai yadda iska ta so. In an yi ruwa an ɗauke, kwarinku yakan ɗauki murya ya kai ta nesa. Ba zan yi maka alkawari ba." Sannan ya kama shi ta kafaɗa ya matso da bakinsa wajen kunnen dama. "Saurara da kyau, kurma. Harsasan nan sun tsufa. Wani yakan yi atishawa kawai, dalmar ta maƙale a cikin bututu. In ba ka tabbata na farko ya fita ba, kada ka kuskura ka bi shi da na biyu sai ka buɗe ka leƙa. In ba haka ba bindigar a hannunka za ta tsage. Kuma in ka gama ka goge ramukan, gajere yakan bar zoben baƙi a ciki."

"Ni za ka koya wa bindiga? Lokacin da nake harba igwa kai kana auna ƙusa."

"Shi ya sa ni har yau nake jin kiran salla."

A bas muna dawowa ya rungume kwalin a cinya kamar ƙwai. Ba damar ya gwada a gida ya ga ko zai kai, don a kwarinmu ba a gwajin bindiga a ƙofar gida, duk harbi saƙo ne. Mun wuce gada sai ya ce, "In bai ji ba fa?"

Na ce, "Sai ku yi kunnen doki. Shi ma ya zama wanda bai ji ba."

Bai yi dariya ba. Na yi da-na-sanin faɗar haka, na ɗora hannuna a kan nasa har muka sauka.

Ranar da aka kawo su, tun safe ake ruwa, sai bayan la'asar ya ɗauke. Maƙwabcinmu ya ɗauko su a jif ɗinsa yana tafiya kamar mai ɗauke da madara a faranti. Na shigar da Nilamma da jaririya ɗakin da ya fi kowane nisa da tsakar gida, na rufe taga, na rataya bargo a kai, na ja ƙofa biyu. Yarinyar ta sha nono ta yi barci, bakinta a ɗan buɗe. Nilamma ta dube ni da idanu cike da tsoro, na ce ta kwantar da hankalinta, rijiya tana nan a buɗe.

Mandanna ya sa baƙar rigarsa ta biki ya ci ɗamara, ya kunna fitilar kakanni ya sunkuyar da kai a gabanta. Sannan ya fito ya hau dutsen tsakar gida. Na ga ya sa harsashi biyu.

"Biyu na mene ne?"

"In ɗaya ya ƙi tashi. Ba ki ji an ce sun tsufa ba?"

Ya cire ƙwaro ya sa a aljihu. Shi ba ya harbi sama, ya ce abin da ya hau sai ya sauko, kuma bai san kan wa zai sauka ba. Akwai gangaren jar ƙasa a gefen tsakar gidan, can ya auna. Ni na tsaya a bakin zaure, kunne ɗaya a waje, ɗaya a ɗakin jaririya.

Tas!

Na ga jar ƙasa ta yi tsalle. Ƙarar ta gangara kwari ta bugi tsallake ta dawo 'yar siririya. Na kasa kunne ciki, shiru, ko motsi babu. Na sauke ajiyar zuciya, na buɗe baki zan ce masa an gama lafiya.

Yana tsaye bai motsa ba, idonsa a kan jan rufin nan. Babu ƙofar da ta buɗe, babu wanda ya fito, sai hayaƙin girki da ke tashi a hankali. Ya ɗan jira kamar a sha ruwa a ajiye kofi. Sai na ji ya ce, "Wannan ai ba harbi ba ne. Babu wanda ya ji wannan." Ya sake ɗaga hannu.

"Mandanna!" Ni da ban taɓa kiran sunansa a tsakar gida ba, ranar na kira. "Kada ka yi! Ya fita!"

Ina! Ƙwaro yana aljihu.

Tas!

Na dafe kai da hannu biyu. Na isa gare shi na finciko ɗamararsa ina nuna masa yatsu biyu a gaban hanci. "Biyu! Biyu ka yi, tsohon banza! Wa ka kashe mana?" Ya dube ni, ya dubi libarbar, ya zazzage kwanson a hannu ya ajiye ta a kan dutse a buɗe. Fuskarsa ba ta nuna komai ba.

Wayata ta hau ruri a baranda. Gangamma ce. "Bollamma, wa? Yarinyar ce? Ko shi ne?"

"Babu kowa, Yaya Gangamma, wallahi babu kowa. Wautar ƙaninku ce. Ki faɗa wa Yaya ya kwantar da hankali."

"In faɗa wa wa? Ya fita! Yana jin na biyun ya zari farin mayafin makoki ya fita, ko takalmi bai sa ba, sandarsa ga ta nan a jingine."

Na waiga kwari. Hanyar mota zagaye take yi ta gada, tana da nisa. Yaya Somayya bai bi ta ba. Can na hango farin abu yana ratsa fadama ta kan kunyoyi, yana faɗuwa yana tashi. Mutumin da ya doshi tamanin, wanda gwiwa ta hana shi hawa matakalar gidan ibada, shi ne ya tsallaka rafi da ruwan damina ya haura gangarenmu yana kama rassan kofi. Mandanna ya sauko daga kan dutse ya yi taku biyu zai tare shi, sai ya tsaya.

Yaya ya shigo tsakar gida da taɓo har cinya, numfashinsa kamar zai fita. Ni ya fara gani.

"Wa? Bollamma, wa?"

"Babu kowa, Yaya. Kowa lafiya. Haihuwa ce."

Sai ya ga ƙaninsa tsaye cikin baƙar riga. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya zauna daɓas a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Matsattsaku biyu sun maƙale masa a idon sawu, babban yatsansa ya fashe yana jini. Ya fara magana a hankali, hawaye suna bin gemunsa.

"Na zaci kai ne. Tun daga tsallake nake cewa kada ya tafi da maganar nan a cikinsa. Na san ba ka ji, Mandu. Tun ranar na sani. Inna a hannuna ta cika, na waiga ban gan ka ba, na rasa wanda zan huce a kansa. Ni ya kamata in zo in kira ka da ƙafata."

Ban san lokacin da na fara kuka ba. Sunan nan Mandu rabona da in ji shi tun Inna tana da rai.

Mandanna yana tsaye yana kallon bakin wansa yana motsi. Ya juyo gare ni ya ce da ƙarfi, irin na kurame, "Me yake cewa?"

Yaya ya ɗago. Ya share fuska da farin mayafin makokin da ya zo da shi. Ya ja numfashi ya daka tsawar da na tabbata an ji ta har gidansa.

"Cewa na yi kai jaki ne! Sojan da bai iya ƙirga ɗaya ba!"

Daga can ƙuryar ɗaki, bayan ƙofa biyu da bargo, jaririya ta callara kuka.

Mandanna ya gyaɗa kai. "To, wannan na ji." Ya durƙusa a gabansa cikin taɓo, da rigar bikin da komai, ya taɓa ƙafafunsa kamar yadda ƙani yake gaida babba, ya fara cire masa matsattsakun. "Ka riga kowa zuwa, Yaya."

Na ruga ciki. Nilamma tana jijjiga yarinyar tana dariya tana hawaye. Kukan ba irin na asibiti ba ne mai shiɗewa, kuka ne na mai ƙoshi da aka ɓata wa barci, har da harba ƙafa. Ta ce, "Mama, harbin nan biyu ko gezau ba ta yi ba. Wa ke ihu?"

"Kakanta ne babba. Kawo ta ya ga abin da ya tasa."

Sai da na sa Yaya ya wanke hannu da ruwan ɗumi sannan na ba shi ita. Ta yi shiru tana kallon gemunsa. Ya ce hancin Inna ne, Mandanna da ya mayar da ƙwaronsa ya ce a'a na Baba ne, suka fara musu nan take kamar jiya suka rabu. Mandanna ya tuna min cewa yarinya ta farka, ga rijiya can. Na ce ba libarba ce ta tashe ta ba, kuma Yaya ya fi ƙarfin in ɗaga shi.

Kafin rana ta faɗi tsakar gida ta cika da mutane cikin fararen kayan makoki, kowa ya shigo fuska a murtuke ya tarar ana raba kofi da gurasar shinkafa. Wasu suka yi dariya, wasu suka zagi Mandanna, kuma sun yi daidai. Gangamma ta sauko daga a-daidaita-sahu da takalman mijinta a hannu ɗaya da lema a ɗayan, ta fara kai wa Mandanna lemar a gadon baya kafin ta ce barka. Ni kuwa abin da na tanada don mutum goma shi na yi wa dabara ya ishi rabin kwari, ina girki ina masifa.

Da jama'a suka fara raguwa na fito da tire, na sami Mandanna a ƙarshen baranda a kan jaridarsa, yana goge zoben baƙin da gajeren ya bari a ramuka. A ɗaya ƙarshen Yaya yana kishingiɗe, an ɗaure masa yatsa, yana ba maƙwabta labarin yadda ya tsallaka rafi, rafin yana ƙara faɗi a kowane zagaye.

Na zauna a damansa na rage murya.

"Baban Bopayya, Alhaji Moidu ya ce in ba ka tabbata na farko ya fita ba, kada ka bi shi da na biyu sai ka buɗe ka leƙa. Ni ban ga ka leƙa ba."

Ya ci gaba da guga.

"Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa da bindiga a hannu. Ko kunne bai ji ba, ai hannu ya ji, ido kuma ya ga ƙasa ta tashi. Ka tsorata kwari guda, ka kusa kashe tsoho a cikin rafi. Da gangan ka yi ko?"

Ya ɗan daddana na'urar da yatsa ya ce, "Ƙwaron nan batirinsa ya mutu."

"To madalla. Tunda ya mutu, ba zan wahalar da bakina in faɗa maka abin da Yaya ya ce kafin ya kira ka jaki ba."

Na faɗe ta ƙasa-ƙasa, yadda ko mai lafiyar kunne sai ya matso. Ya ajiye tsumman. Ya dubi ɗaya ƙarshen barandar, inda Gangamma ta ajiye takalman nan a gefen ɗaurarren yatsa.

"Ba sai kin faɗa ba," ya ce. "Na ga ƙafafunsa."